Yadda za ka haɗa kwamfutocin gida ko shago a kan netwok ɗaya, daga rauta har firinta

Tambayoyin da ake yi mini a kan wannan batu kusan iri ɗaya ne, fuska kawai suke canzawa. Wannan ya sayi rauta, na'urar da ke karɓo intanet ta raba wa kwamfutoci da wayoyi, amma Wi-Fi ba ya kaiwa ɗakin baya. Wancan yana da kwamfuta 3 a shagon buga takardu da firinta guda, kullum filash ke yawo daga tebur zuwa tebur yana kwashe-kwashen bairos. Wata kuma datar wata guda ba ta kai mata mako biyu, kuma ba ta san wa ke sha ba. Shi ya sa na ga gara a zauna a bi aikin daki-daki.

Aikin ba shi da wuya. Inda ake shan wahala shi ne a fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe: a sayi kaya kafin a gwada sabis, ko a raba wa jama'a kalmar sirri alhali rautar kanta a buɗe take. Zan ɗauki misalin ƙaramin shago ko gida mai kwamfuta 3 masu Windows 10 ko 11, da firinta ɗaya, da wayoyin hannu. In naka ya fi haka ko bai kai ba, tsarin bai canza ba. Ka nemi ɗan littafi da biro tun yanzu, domin akwai lambobin da za ka rubuta, kuma bayan wata shida ba za ka tuna su ba.

Mataki na 1: Gwada sabis kafin ka sayi komai

Kamfanin da ya fi ƙarfi a unguwar abokinka ba lallai ne ya fi ƙarfi a ɗakinka ba. Ka ari layukan MTN, Airtel, Glo ko wanda ake samu a wurinka, in a Nijar kake Airtel, Moov ko Zamani, ka sa a waya ɗaya, ka tsaya daidai inda kake so rautar ta zauna. Buɗe fast.com ko manhajar Speedtest ka ga abin da zai nuna. Ka gwada da safe, ka sake gwadawa bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau intanet. Sakamakon daren nan shi ne na gaskiya.

Lambar da za ka gani Mbps ce, ma'aunin gudun intanet. Ka raba ta gida 8, shi ne saurin da fayil zai riƙa sauka. Wato 16 Mbps na nufin kimanin megabait 2 a daƙiƙa. Ga shagon da ake rijistar jarrabawa da tura takardu, 10 Mbps da ba ya yankewa ya fi 50 mai zuwa yana ɗaukewa.

Hattara: rautar da kamfanin waya ke sayarwa da araha sau da yawa a kulle take, layinsu kaɗai take karɓa. In ba ka tabbatar da sabis ɗinsu ba, kada arhar ta ja ka. A Najeriya kuma layin da za ka sa a rauta shi ma sai an yi masa rijista an haɗa shi da NIN, kamar na waya.

Mataki na 2: Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Rauta ita ce uwar aikin. In da layi za ka yi amfani, ka sayi rauta mai cin SIM wadda ke da ramin LAN, wato inda ake cusa kebul ɗin netwok, a bayanta. Ƙaramar MiFi ta aljihu tana da daɗin yawo, amma yawanci ba ta da wannan rami, kuma batirinta kan kumbura idan aka bar ta a caji dare da rana. Ba kayan shago ba ce. In kuwa faiba ko Starlink ka ja, rauta tana zuwa tare da kayansu.

Sai suwic, ɗan akwatin da ke ƙara yawan ramuka, mai rami 5 ko 8. Ba ya buƙatar saiti ko kaɗan, jonawa kawai ake yi. Ka duba kwalinsa: in an rubuta 10/100 kawai, tsohon yayi ne, ka nemi wanda aka rubuta Gigabit ko 10/100/1000. Bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma ranar da za ka kwafe babban fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta za ka ga bambancin aikinsu. In ramukan rautarka sun ishe ka, ka bar suwic a kasuwa.

Sai kebul, Cat5e ko Cat6, da kawunan RJ45 da ake sa wa ƙarshen kebul, da filayar matse kai, da testa ta gwada kebul. Katon ɗin kebul mita 305 ne, amma ana yanka maka da mita, kuma ƙaramin shago ba ya buƙatar katon. Idan duk kwamfutocin a ɗaki ɗaya suke, ka sayi kebul da aka riga aka sa wa kai daga kamfani, mai mita 3, 5 ko 10, ka huta da sayen filaya da testa.

Duk waɗannan ana samunsu a kasuwannin kayan waya da kwamfuta, irin su Farm Centre a Kano, Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja. Farashinsu yana bin dala, saboda haka ka tambayi shago uku a rana ɗaya kafin ka ciro kuɗi. Amma ka sani, kayan nan sau ɗaya ake saye. Kuɗin da ke cin aljihu shi ne data, wata bayan wata, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Don haka mataki na 10 ya fi duk wani ciniki da za ka yi a kasuwa rage maka kashe kuɗi.

Hattara da kebul na bogi. Akwai wanda cikinsa gorar ruwa ce aka shafa wa jan ƙarfe, wani lokaci za ka ga CCA a jikin kwali. Ka kankare ƙaramar waya ɗaya da reza a gaban mai shago. In fari ya bayyana a ƙarƙashi, shi ne. Yana saurin karyewa a wurin kai, kuma a nesa ba ya riƙe sabis yadda ya kamata.

Mataki na 3: Mazaunin rauta da wutarta

Rauta mai cin SIM tana da buƙata biyu da ke jan juna: tana son kusa da taga don ta kamo sabis daga eriyar kamfani, tana kuma son tsakiyar gida don Wi-Fi ya kai ko'ina. In dole sai an zaɓa, ka ba taga, sauran ɗakunan a kai musu da kebul. Ka ɗora ta sama, a kan kanta ko a bango, ba ƙasan tebur ba, ba cikin kabad ba, ba bayan talabijin ba. Katangar bulo mai rodi, ƙofar ƙarfe, firij da tankin ruwa duk suna cinye Wi-Fi. Katangar ƙasa mai kauri ma ba ta bari. A lokacin bazara kuma rautar da aka rufe a akwati za ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa da kanta, kai kana zagin kamfani.

Maganar wuta ita ce ta fi kashe rauta a wurarenmu. Ɗaukewa da kawowa, da lokacin da ake juyawa zuwa janareta, su ke ƙona adafta. Ka jona ta a soket mai kariya daga hauhawar wuta, in da hali ka saya mata ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, mai ba da 9V ko 12V. Rauta ba ta da ci. Galibi wat 10 ne ko kusa da haka, saboda haka ƙaramin batir yana riƙe ta sa'o'i.

Hattara: ka karanta bayan rautar ka ga bolt nawa take so. Bakin adaftoci yana kama da juna, sai mutum ya ɗauki na 12V ya cusa wa mai 9V saboda ya shiga. Bolt dole ya zo daidai. Amfiya kuwa in ta fi abin da aka rubuta babu laifi, in ta gaza ne rautar za ta riƙa mutuwa tana tashi.

Mataki na 4: Jan kebul

Ƙa'idata a nan ita ce: duk abin da ba ya tashi daga wurinsa, a ba shi kebul. Kwamfutar tebur, firinta mai ramin LAN, na'urar kyamarori. Wi-Fi a bar wa waya da laftop. Kebul ba ruwansa da katanga, ba ruwansa da rautar maƙwabci, kuma yana rage wa Wi-Fi cunkoso.

Tsawon kebul ɗaya kada ya wuce mita 100. Ka auna hanyar da zai bi ta jikin bango, ka ƙara mita ɗaya ko biyu a kowane ƙarshe, domin tebur yana matsawa. Kada ka ɗaure shi tare da wayar wuta a doguwar tafiya, kada ka lanƙwasa shi sosai a kwana, kuma idan kana buga kilif kada ƙusa ta huda shi.

In kai za ka sa kai da hannunka, ga yadda ake yi. Ka feɗe rigar kebul kamar santimita 3, a hankali kada reza ta taɓa na ciki. Za ka ga ƙananan wayoyi 8 a murɗe biyu-biyu. Ka warware su, ka miƙar da su da yatsa, ka jera daga hagu zuwa dama kamar haka:

1. fari mai ratsin ruwan lemo
2. ruwan lemo
3. fari mai ratsin kore
4. shuɗi
5. fari mai ratsin shuɗi
6. kore
7. fari mai ratsin ruwan ƙasa
8. ruwan ƙasa

Wannan jeri shi ake kira T568B, kuma shi za ka yi a duka ƙarshen biyu. Ka datse su su zo kai ɗaya, tsawonsu ya rage kamar santimita ɗaya da ɗan ɗoriya. Ka riƙe kan RJ45 ƙugiyarsa tana kallon ƙasa, bakinsa yana fuskantarka, ka tura wayoyin har ka hango jan ƙarfensu ya taɓo ƙarshe ta cikin robar. Rigar kebul ita ma ta shiga cikin kan, domin ita filaya za ta cije. Kafin ka matse, ka sake kallon launukan. Kore da shuɗi sun fi son musanya wuri lokacin turawa. Sannan ka matse da ƙarfi, ka sa a testa. Fitilu 8 su kama bi da bi, 1 zuwa 8, a ɓangarorin biyu.

Hattara: kebul zai iya yin aiki alhali kan bai matsu daidai ba. Gudun 100 Mbps wayoyi 4 kawai yake buƙata, Gigabit kuwa sai duka 8. Saboda haka in ka sayi suwic mai Gigabit amma kwamfuta tana nuna 100, kan kebul za ka fara zargi. Ka yanke ka sa sabo, kan da aka matse ba ya gyaruwa. Ka sayi kawuna fiye da buƙatarka saboda haka.

Ka manna selotef a ƙarshen kowane kebul ka rubuta inda ya nufa. Kuma kada a kuskura a cusa ƙarshen kebul ɗaya duka biyu a suwic guda. Yara da masu shara sukan yi haka idan sun ga kai yana lilo, kuma nan take netwok gaba ɗaya zai tsaya cak, fitilu suna ta ƙyaftawa babu ƙaƙƙautawa.

Mataki na 5: Shiga cikin rauta ka kulle ta

Ka kunna rautar, ka jona kwamfuta ɗaya da kebul. Juya bayanta, akwai takarda mai ɗauke da adireshinta da sunan shiga da kalmar sirri. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei kuma galibi 192.168.8.1. Ka rubuta shi a saman birauza, wurin adireshi, ba a akwatin bincike ba. In takardar ta goge, ka buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce.

Abu na farko: canza kalmar sirrin shiga rautar. Ita daban, ta Wi-Fi daban, kuma mutane da yawa ba su san akwai ta ba. Rautoci da dama suna zuwa da admin a matsayin suna da kalmar sirri, abin da duk yaron da ya taɓa riƙe rauta ya sani. Wanda ka ba Wi-Fi zai iya shiga da ita ya ga komai, ya canza komai, har ya kore ka. Ka canza, ka rubuta a littafinka, kada ka ba kowa.

Na biyu: shiga Wireless ko WLAN Settings ka canza sunan Wi-Fi. Kada ka sa sunanka ko lambar wayarka. A wurin tsaro ka zaɓi WPA2-PSK mai AES, ko WPA2/WPA3 in akwai. WEP da Open ba tsaro ba ne. Kalmar sirri tana karɓar harafi 8 zuwa 63, amma 8 ta yi kaɗan. Ka haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, ka sa lamba a tsakani. Ta fi sauƙin faɗa wa mutum, ta kuma fi wuyar cinka. Lambar waya, shekarar haihuwa da sunan ɗan auta su ake fara gwadawa.

Da ka danna Save, duk wanda ke kan Wi-Fi zai faɗo. Dalilin da ya sa na ce ka shiga da kebul ke nan.

Na uku: kashe WPS, hanyar haɗawa da Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ka kuma tabbata Remote Management, wato shiga saitin rauta daga waje, a kashe yake. Na huɗu: kunna Guest Network, ka ba shi suna da kalmar sirri dabam. Wannan shi za ka riƙa ba baƙi da kwastomomi. Za su samu intanet amma ba za su ga kwamfutocinka ba, muddin ba ka kunna zaɓin ba su damar shiga netwok na cikin gida ba. Ka tuna wayoyin Android na yanzu suna nuna lambar QR ta Wi-Fi, wanda ka ba yau zai iya raba wa majalisarsu gaba ɗaya kafin magariba. Kalmar baƙi ka riƙa canza ta duk lokacin da ka ga dama, taka ta zauna lafiya.

In rautarka tana fitar da suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe, wannan mitar 5GHz ce ta Wi-Fi, ba ruwanta da sabis ɗin 5G na kamfanin waya. Ta fi sauri amma ba ta jure katanga. Ta 2.4GHz ta fi nisa, sai dai cunkoso. A plaza ko gidan haya da rautoci suka yi yawa, ka sa tashar 2.4 a kan 1, 6 ko 11, ka gwada wadda ta fi lafiya.

Mataki na 6: Ba firinta da babbar kwamfuta adireshi na dindindin

Rauta ce ke raba wa kowace na'ura adireshi, aikin da ake kira DHCP, kuma adireshin yana iya canzawa bayan an ɗauke wuta. Ga waya ba komai. Ga firinta kuwa matsala ce: jiya tana 192.168.0.105, yau ta koma 108, kwamfuta tana can tana nemanta a tsohon wuri.

Ka shiga DHCP a rauta ka nemi Address Reservation, wasu suna kiransa Static Lease ko IP and MAC Binding. Ka zaɓi firinta daga jerin na'urori ka ba ta, misali, 192.168.0.10, babbar kwamfuta kuma 192.168.0.11. Wasu rautoci ba sa karɓa sai lambar tana cikin zangon da suke rabawa. In ta ƙi, ka zaɓa daga cikin zangon. Ka kashe na'urar ka kunna don ta ɗauki sabon adireshin, ka rubuta a littafi.

Mataki na 7: Idan Wi-Fi bai kai wani ɓangare ba

Abin da aka fi saye shi ne rifita, ɗan abin da ake cusawa a soket. Ba na son sa. Yana karɓa yana maimaitawa a kan mita ɗaya, saboda haka gudu yakan ragu kusan rabi, kuma in an ajiye shi inda sabis ya riga ya mutu, rauni kawai zai maimaita. Hanyar da ta fi ita ce ka ja kebul zuwa can ka sa rauta ta biyu, ko da tsohuwa ce.

In tana da Operation Mode, ka zaɓi Access Point, shi ke nan. In babu, ka jona ta da kwamfuta ita kaɗai tukuna, ka canza adireshinta zuwa lambar da ke layi ɗaya da babbar rauta amma wajen zangon da ake rabawa, misali 192.168.0.2, ka kashe DHCP ɗinta, sannan ka sa kebul ɗin da ya taho daga babbar a ramin LAN, ba ramin WAN da intanet ke shigowa ta cikinsa ba. Kana iya ba ta suna da kalmar sirri irin na babbar, waya ta riƙa komawa wadda ta fi kusa.

Hattara: ba a sarki biyu a gari ɗaya. In ka manta DHCP a kunne a rauta ta biyu, wasu na'urori za su karɓi adireshi daga gare ta, su nuna sun haɗu amma babu intanet, yau wannan gobe wancan. In kuma ka sa kebul a WAN ba tare da ka canza komai ba, intanet zai zo, amma waɗanda ke can ba lallai su ga firinta a jerin na'urori ba. Kebul da zai ratsa tsakar gida zuwa wani gini kuwa, ka sayi na waje ko ka sa shi cikin fayif, kuma idan hadari ya taso da tsawa ka zare shi.

Mataki na 8: Raba folda tsakanin kwamfutoci

A kowace kwamfuta ka shiga Settings, System, About, ka canza mata suna zuwa gajere wanda bai wuce harafi 15 ba: BABBA, TEBUR2, TEBUR3. Sannan Settings, Network & internet, ka buɗe Properties na haɗin da kake kai, ka mayar da shi Private. Nan ne mafi yawan mutane ke maƙalewa. Muddin yana Public, Windows ɓoye kwamfutar take yi. Daga nan ka nemi Advanced sharing settings ka kunna Network discovery da File and printer sharing a ƙarƙashin Private.

A babbar kwamfuta ka ƙirƙiri sabon mai amfani don rabo kawai: Settings, Accounts, Other users, ka bi zaɓin da ba ya buƙatar asusun Microsoft. Ka sa masa suna, misali rabo, da kalmar sirri. Sai ka buɗe folda ɗaya, ka kira ta Aiki, ka danna mata dama, Properties, Sharing, Share, ka ƙara rabo. Read na nufin a gani a kwafa. Read/Write na nufin a ajiye, a gyara, a kuma goge.

A ɗaya kwamfutar ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta \\BABBA ko \\192.168.0.11, ka sa suna rabo da kalmar sirrinsa, ka yi alamar a tuna. Folda za ta bayyana. Ka danna mata dama ka zaɓi Map network drive, ta zauna a This PC kamar wani faifai.

Hattara: kada ka raba faifan C gaba ɗaya, folda ɗaya ta isa. Kada ka kashe Password protected sharing don neman sauƙi. Lambar PIN da kake buɗe kwamfuta da ita ba ta aiki a nan, kalmar sirri ake so. Sannan fayil ɗin da aka goge daga wata kwamfuta ta hanyar netwok ba ya zuwa Recycle Bin, tafiya yake yi kai tsaye, don haka ka yi tunani kafin ka ba yaron shago Read/Write, kuma ka riƙa kwafe foldar a faifan waje.

Mataki na 9: Firinta

In tana da ramin LAN ko Wi-Fi, ka haɗa ta da rauta kai tsaye, a kowace kwamfuta ka shiga Printers & scanners ka ƙara ta. In ba ta fito a jeri ba, ka zaɓi ƙarawa da hannu ka rubuta adireshin da ka ba ta a mataki na 6. Firintoci da yawa 2.4GHz kaɗai suke gani, kuma kada ka sa ta a kan Wi-Fi na baƙi.

In ta USB ce kawai, ka jona ta a babbar kwamfuta, ka tabbata tana bugawa a can, sannan Printer properties, Sharing, Share this printer. A sauran ka buɗe \\BABBA, ka danna wa firintar dama, Connect. Sharaɗin shi ne babbar kwamfuta ta kasance a kunne. In ta yi barci, bugu ya tsaya. Ka shiga saitin wuta ka hana ta barci a lokacin aiki.

Mataki na 10: Toshe inda data ke zurarewa

Ba kullum ɓarawo ne ke shan data ba. Na'urori suna ɗaukar duk wani Wi-Fi a matsayin na kyauta. Da waya ta hau, Play Store zai fara sabunta manhajoji, Google Photos ya fara loda hotuna, WhatsApp ya sauke bidiyon duk guruf-guruf. Kwamfuta 3 kuma kowacce tana jan sabuntawar Windows nata.

A kowace kwamfuta ka kunna Metered connection a cikin Properties ɗin nan na haɗi. A wayar Android akwai irinsa a saitin Wi-Fi ɗin da aka haɗa. A WhatsApp ka shiga Storage and data ka cire bidiyo daga abin da ke sauka da kansa. YouTube da TikTok kuwa sai an yi magana da mutanen gida, domin bidiyo mai kyan hoto yana iya cin gigabait guda ko fiye a awa ɗaya. In rautarka tana da Bandwidth Control ko QoS, ka rage wa Wi-Fi na baƙi gudu.

Hattara: Metered yana jinkirta wasu sabuntawa kuma yana iya hana direban firinta sauka, saboda haka ka gama mataki na 9 kafin ka kunna shi. Kada kuma ka daina sabuntawa kwata-kwata. Ka ware rana ɗaya a wata ka buɗe. Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafi na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, don haka kwamfutar da za ta iya ɗaukar 11 gara a mayar da ita. Tsarin data da ake tallatawa da sunan mara iyaka kuma, ka karanta sharuɗɗansa, galibi akwai adadin da in an kai za a rage gudu.

Lokaci-lokaci ka leƙa jerin na'urorin da ke kan rauta. In ka ga baƙo, toshe shi ta lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura a netwok, ba ya daɗewa, domin wayoyin yanzu suna iya canza wannan lamba. Canza kalmar sirri shi ne ke kore shi.

Mataki na 11: Ranar da ya ƙi aiki

Tun komai yana lafiya, ka shiga System Tools ka yi Backup na saitin rautar, in tana da wannan zaɓi, ka ajiye fayil ɗin a filash.

Idan matsala ta zo, tambayar farko: na'ura ɗaya ce ko duka? In ɗaya ce, laifin nata ne ko na kebul ɗinta. Ka duba ko fitilar raminta a suwic tana ci, ka musanya kebul ka gani. In duka ne, ka duba data tukuna. A Najeriya *323# ne ke nuna ragowar data, kuma rautoci da yawa suna da shafin SMS ko USSD a ciki, ba sai ka zare layi ba. Sannan ka zare wutar rauta, ka jira daƙiƙa 30, ka mayar.

In bai yi ba, ka buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 na nufin kwamfutar ba ta samu komai daga rauta ba: kebul, suwic ko DHCP. In adireshin daidai ne, ka rubuta ping da adireshin rautar. Ta amsa? To cikin gida lafiya. Sai ping 8.8.8.8. In bai amsa ba, matsalar tsakanin rauta da kamfani take, ka duba sabis da data. In ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, matsalar DNS ce, mai fassara sunan shafi zuwa adireshi. Ka sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a wurin DNS na rautar ko na kwamfutar.

Ɗan ramin nan da aka rubuta Reset shi ne na ƙarshe. In ka danna shi da tsinke na kusan daƙiƙa 10, sunan Wi-Fi, kalmomin sirri da adireshin firinta duk sun tafi, rautar ta koma yadda ta fito daga kamfani. In faiba kake amfani da ita, kada ka taɓa shi sai ka kira kamfanin, domin akwai suna da kalmar sirri na haɗi da su suka sa a ciki, kuma sai da su intanet zai dawo. In rautar SIM ce, bayan ta tashi ka shiga da abin da ke rubuce a bayanta, ka loda fayil ɗin Backup, ko ka buɗe littafinka ka koma mataki na 5.